Ɗan Raɗa a Ƙugun Okhwa

Shekarun Bu Okhwa sun haura saba'in, amma har yau a cikin matan ƙauyensu masu nutso babu mai kaiwa zurfin da take kaiwa, in ka ɗauke Hyon Dokrye. Ita kuwa Okhwa da za a bi ta tata, da an manta da Dokrye gaba ɗaya. Tun suna 'yan mata suke shiga teku tare a wannan gaɓa ta gabashin tsibirin Jeju, ba tukunyar iska ba komai sai numfashin ƙirjinsu, kuma tun lokacin kowacce ke satar kallon ragar 'yar'uwarta. Okhwa ce babba da shekara biyu, don haka dole Dokrye ta ce mata Yaya. Sai dai tana da wata irin jan kalmar da ke sa mutum ya ji gara ma a zage shi kai tsaye.

Abin da ya jawo magana a farkon bazara ya faru. Masu nutso idan sun taso sukan saki numfashi da wani siririn fito, da shi kowacce ke sanin 'yar'uwarta na nan da rai ba sai ta waiwaya ba. Ran nan aka yi ta jin fiton kowa ban da na Okhwa. Da ta taso daga baya leɓunanta sun yi shuɗi, ta rungume gorar da ke riƙe mata raga a saman ruwa ta daɗe tana haki. Ta ce ciyawar teku ce ta ɗan riƙe mata ƙafa, kuma duk wadda ciyawa ba ta taɓa riƙewa ba, to a bakin ruwa take wasa.

Ba a yarda an bar zancen a nan ba. Washegari a ɗakin canza kaya, kowa na shanya ƙafa a gaban murhu, shugabar ƙungiya Yang Insuk ta yi gyaran murya ta faɗi abin da aka yanke: duk wadda ta haura saba'in, ko ta ɗaura na'urar neman agaji, ko ta koma tekun kakanni. Tekun kakanni kuwa shi ne ɗan wurin nan na kusa da gaɓa da ake keɓe wa tsofaffi, ruwa iya ƙirji, inda ake tsinkar ciyawa da ƙananan katantanwa ana hirar ciwon gwiwa.

"Ai wurin da daɗi, Yaaya," in ji Dokrye, wadda saura mata shekara guda dokar ta hau kanta. "Ga rana, ga hira. In za mu wuce a jirgi zan riƙa ɗago miki hannu."

"Ki ajiye hannunki ki riƙe haƙoran robarki da shi," in ji Okhwa, "kada su sake faɗawa ruwa mu kwana nema."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Tana tsoron tekun kakanni fiye da yadda take tsoron mutuwa, kuma tana ƙin na'ura. Sun taɓa ganin irinta. Wata shekara an kawo musu wasu masu ƙwala ƙara a cikin ruwa, ƙarar da ke shiga har cikin haƙori, ta kori kifi, batirin kuma ya mutu kafin a ci abincin rana. Mafi muni, kowa na jin inda kowa take. Mako bai zagayo ba suka tattara su a bokiti suka mayar wa masu su.

Wannan na ƙarshen shi ne ainihin damuwar Okhwa. Tana da wani kogo a gindin dutse, can ƙasa, inda jonbok ke manne, katantanwar nan mai tsada da kowace mai nutso ke mafarkinta, wasu faɗinsu ya kai tafin hannun ƙato. Mahaifiyarta ce ta gaya mata wurin, ita ma sai da ta ga ba tashi za ta yi ba. Da kogon nan Okhwa ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Ko 'yarta Miyong ba ta san shi ba.

Sabuwar na'urar kuwa, don a ƙara mata haushi, surukinta ne ya ƙera ta.

Nam Gitae mutumin babban yankin ƙasar ne, ba ɗan tsibirin ba, injiniya a wata 'yar cibiyar binciken teku, mai kirki har ya so ya yi yawa. Aibinsa ɗaya: ba a jin maganarsa. Ranar da ya zo neman auren Miyong sai da ya faɗi abin da ke tafe da shi, aka ce ya sake, ya sake, a ƙarshe Miyong ce ta gaji ta faɗa da bakinta. Yanzu 'yarsu Sora ta shiga jami'a, amma muryar na nan inda take. Ya iso da yamma da 'yar jakarsa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye wani abu a kan tebur, baƙi, girmansa bai wuce ƙwan agwagwa ba.

"Inna, wannan ba kamar waccan ba ce," ya ce.

"Ɗaga murya, Baban Sora. Ba a asibiti muke ba."

Ya ɗaga, wato ya kai ta inda sauran mutane ke kira raɗa. Tana ɓare lemo yana bayani. Tsohuwar na'urar, in ji shi, tana tattara duk ƙarfinta wuri guda ta yi ihu, shi ya sa take cinye batir take damun kowa. Wannan kuwa takan ɗauki saƙo ɗan ƙarami ta marmashe shi, ta watsa marmashin cikin hayaniyar teku, ƙasa da ƙarar igiyar ruwa da ta injin jirgi da ƙas-ƙas ɗin jatan lande. Kamar a barbaɗa ɗan gishiri a babbar tukunya. Wanda bai san tsarin da aka bi aka watsa ba, hayaniyar da ya saba ji kawai zai ji. Tsarin nan shi suke kira mabuɗi, kuma kowace na'ura da nata. Na'urar sauraren da aka sa wa mabuɗin ita kaɗai ke iya tsince marmashin ta haɗa shi ya koma saƙo. Batir ɗaya zai kai ta ƙarshen kaka.

Okhwa ta ɗauki abin ta kara a kunne, ta girgiza shi, ta sake karawa.

"Wato ka zauna shekara da shekaru," ta ce, "ka ƙera abin da ke magana irin taka."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ta miƙa masa rabin lemon.

Ranar gwaji duk matan suka taru a bakin tashar jirgin ruwa. Gitae ya ɗaure abin a igiya ya zura shi ruwa, ya ce ya kunna. Mata suka kwanta rub da ciki a kan matakala suka tsoma kawuna, gindi a sama, kamar agwagi na kiwo. Suka ɗago ɗaya bayan ɗaya.

"Ya mutu."

"Ko dai bai sa batir ba?"

"Ɗan nan, kada ka ji kunya, ka ce ka manta."

Dokrye, mai cika bakin cewa tana jin motsin ƙaguwa a cikin raminta, ta sa gilashin fuskarta ta faɗa ruwan ɗungurungum, ta je ta kara kunne a jikin abin. Ta taso tana tsaki. Sai Gitae ya ce ta ɗauke shi ta yi iyo da shi duk inda ta ga dama, shi zai juya baya. Ya juya ɗin, yana kallon na'urar sauraren, wani ɗan gilashi a hannunsa mai kibiya a ciki, wayarsa na lilo a ruwa. Dokrye ta yi hagu, kibiya ta bi ta. Ta nutse ta ɓulla bayan jirgin da ke kai su nutso, kibiya ta juya can. Ta danna maɓallin jikin abin, gilashin ya hau zillo a hannunsa yana wuta ja. Sai wata ta ce, "Kai, ɗan raɗan nan mugu ne." Sunan da ya bi abin ke nan.

Kowa ya yaba ban da Okhwa, wadda kibiyar nan ta tsaya mata a rai.

"Wa zai riƙe gilashin?" ta tambaya.

"Direban jirgi mana," in ji Insuk.

Direban jirgi shi ne Kang, mutumin da ko mafarki ya yi sai kasuwa ta ji kafin ya wanke fuska. In ya ga kibiya yau, gobe matarsa ta sani, jibi jikokin Dokrye na wasa a bakin kogon. Okhwa ta ja surukinta gefe.

"Ka sa abin ya yi shiru, sai ranar da na danna."

"Ba zai yiwu ba, Inna. Raɗa ce. Sai na'urar saurare ta daɗe tana bin ta kafin ta san daga ina take fitowa. In sai kin danna za ta fara nema, kafin ta gano ki..." Bai ƙarasa ba.

"To mai gilashin zai riƙa ganin duk inda na sa ƙafa ke nan."

"Mai mabuɗinki kaɗai. Ke za ki zaɓa. Amma dole ya kasance a kan ruwa lokacin da kike ciki."

Ta duba matan ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga wadda za ta ba ko mabuɗin bandakinta ba. Tana cikin wannan sai ta ji wani abu kamar kukan sauro a gefenta. Surukin ne yake cewa yana da hutun da bai ci ba, shi zai zauna a jirgin.

Haka aka yi. Kowace safiya Gitae ya shiga jirgin Kang cikin rigar ceto mai ruwan lemo da takalmin ofis, ya zauna a lungu, gilashi a hannun dama, bokiti a hannun hagu. Mutumin da aikinsa duk a kan teku yake, ashe a tafkin gwaji na cikin gini ya san ta. Jirgi na barin tasha fuskarsa ke komawa launin miyar ciyawa. Matan suka sa shi gaba: wannan ta ba shi citta ya tauna, waccan ta ce ya kalli nesa, Dokrye ta ce ya daure, ciki na fari ne mai wahala. Shi dai ya yi murmushi ya rungumi bokitinsa. Idonsa kuwa bai taɓa barin gilashin ba, kuma ko Kang ya miƙo wuya sai ya kife shi a ƙirji.

Wata rana suna komawa gida, yana ɗauke da ragarta a baya, ya ce wani abu. Ta tsaya ta juyo masa da kunnen da ya fi ji.

"Inna, ba a ƙarƙashin gorarki kike nutso ba."

Gaskiya ya faɗa. Masu nutso gorar juna suke kallo don su san inda ake samu, saboda haka ita tun tana da ƙuruciya ta koyi dabara. Takan kafa gorarta a kan wani fili na yashi, ta nutse kamar nan za ta yi aiki, sai ta karkata ta ƙarƙashin ruwa ta zagaya bayan wani baƙin dutse da ya leƙo sama. A bayansa take shan iska inda ba mai ganinta, ta saki fitonta, kowa ya ji ya ce Okhwa na nan. Daga nan take sauka kogonta. In ta cika 'yar jakar ƙugunta sai ta dawo ta ƙasa ta ɓulla a jikin gora kamar ba ta je ko'ina ba.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa. Ba zan faɗa ba."

"To ka ci gaba da abin da ka fi iyawa."

"Inna, in abin ya kira, ni zan ji. Amma ni ban iya ruwa ba. Kuma hutuna ya kusa ƙarewa. A ba wadda za ta iya sauka inda kike. Ana iya ɗaura gilashin a jikin gora."

Ba sai ya faɗi suna ba. Mace ɗaya ce a ƙauyen ke da ƙirjin sauka wurin.

"Gara in ba ƙaguwa," in ji Okhwa, ta karɓe ragarta ta yi gaba.

Maganar ta yi ta cin ta kwana da kwanaki, har ta koma jin haushin abin da ke ƙugunta. Wai shi ke tsaron ranta, abin da ko tari ba ya yi. Wa ma ya tabbatar yana aiki a wancan zurfin? A bakin tasha aka gwada shi, a ruwan da yara ke wanka. Kuma wa ya san ko mai gadin nata barci yake yi a kan bokitinsa? Okhwa mace ce da ba ta yarda da tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta. Wata safiya mai kyan rana, teku kwance lumui, ta sauka har bakin kogon, ta laluba ƙugunta ta danna maɓallin da kyau. Sannan ta taso a bayan dutsen, ta riƙe fitonta, ta leƙa ta wata 'yar tsaga tana dariya ƙasa-ƙasa tun kafin a fara.

Abin na aiki, wannan kam ta gani nan take. Gitae ya miƙe zumbur har bokiti ya kife. Ya kama hannun Kang yana magana, Kang ya kara tafi a kunne, ya sake karawa, sai ya zabura ya danna ƙahon jirgi. Muryar Kang kuwa ko a wane gari kake za ka ji ta.

"Okhwa! Okhwa ce! Ga gorarta can!"

Kawuna suka juya wajen gorar da ke lilo ita kaɗai a kan yashi. Mata suka saki abin da suke yi suka nufe ta. Dokrye ce ta fara isa. Ta saki ragarta, cike, aikin safiya guda, ko kallonta ba ta yi ba, ta kifa kai ta nutse.

Okhwa na ganin surukinta yana jan rigar Kang yana nuna dutsen da hannu, yana ɗaga masa gilashin. Kang ya ture shi.

"Zauna, malam, jiri ne ke ɗibarka! Ga gora can kana nuna mana dutse!"

Jirgi ya juya ya bi gora. Dariyar Okhwa ta fara raguwa. Dokrye ta taso, ta ja iska, ta koma. Ta sake tasowa, ta sake komawa, ba ta ko tsayawa numfashin ya daidaita. Sauran na ta nutso a kewayenta, duk a wuri guda, duk a kan yashin da babu kowa. Okhwa ta ga abin da ba ta taɓa tsayawa ta hango ba: da da gaske ne, haka za su yi ta nema a can har rana ta faɗi, ita tana nan ƙasa a bakin kogonta.

Sai ta ji faɗuwar abu a ruwa. Gitae ne, da takalminsa da komai. Ya nufo dutsen yana dukan ruwa da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗaga gilashin sama, bakinsa na buɗewa yana rufewa, ruwa na shiga. Ya yi ƙoƙarin kifa kai ya nutse, rigar ceto ta cillo shi sama. Ya sake, ta sake cillo shi. Da a wani lokaci ne da Okhwa ta yi dariyar da za ta ishe ta shekara. Amma sai ta ga ya kai hannu ƙirji ya fara kwance igiyar rigar.

Ba ta san lokacin da ta bar bayan dutsen ba. Ta saki fito mai ƙarfi, ta yi iyon da rabonta da shi tun tana amarya, ta cafke hannunsa a kan igiyar.

"Kai mahaukacin ina ne? Wa ya ce ka cire? Ka iya ruwa ne?"

Ya dube ta, gilashin idonsa ya karkace, majina da ruwan teku sun haɗu. Ya ƙanƙame wuyanta har ya kusa nutsar da su duka, ya fashe da kuka. Kukan nasa dai, ta lura, ana jinsa sarai.

Ita ta jawo shi har jirgi, yana biye kamar gora ta biyu. Kang ya riga ya gama yanke hukunci, yana sanar da duniya cewa igiyar ƙasa ce ta ja ta wajen dutse, shi dama ya sha faɗa wurin nan akwai ja. Okhwa ta ce hannunta ne ya taɓa maɓallin bisa kuskure. Insuk ta yi faɗa, wasu suka yi dariyar da ake yi bayan tsoro. Dokrye ce ta hau jirgi a ƙarshe. Da ta cire gilashin fuskarta jini ne ya taru a cikinsa, daga hanci. Ragarta ta tafi. Ta zauna ta matse hancin, ta dubi Okhwa sau ɗaya, ba ta ce uffan ba har aka isa tasha. A iya sanin Okhwa, wannan ne karo na farko da Dokrye ta sami dama irin wannan ta bar ta ta wuce.

A gida Gitae ya kwanta da bargo biyu yana rawar sanyi, takalmansa na ɗiga a bakin ƙofa. Okhwa ta zaɓi jonbok mafi girma a cikin na ranar, waɗanda ba ta taɓa ci da bakinta sai dai ta kai kasuwa, ta yanka ta dafa faten shinkafa da su. Ta zuba masa kwano guda ta ajiye a gefensa.

"Gilashin nan," ta ce, "in an ɗaura a gora, sai an yi masa wani abu?"

Ya leƙo daga bargo. "A'a, Inna. Mabuɗinki na ciki. A ɗaure kawai, a bar wayar ta sauka ruwa."

"Ci abincinka. Kuma in ka gaya wa Miyong abin da ya faru yau, zan ce kai ka faɗa ruwa garin amai."

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gidan Dokrye, tukunya a ƙunshe cikin zane, gilashin a aljihu. Ta same ta zaune a dakalin ƙofar ɗaki, auduga a hanci, tana tsinke wake. Dokrye ba ta ɗago ba.

"Wa ya mutu, Yaya, da kika tako gidana?"

"Ba wanda ya mutu. Fate ne ya yi mini yawa."

Dokrye ta buɗe tukunyar, ta sa cokali ta ɗago yanka guda, ta juya shi tana duba kaurinsa.

"Wannan ba a kan yashi ya girma ba."

Okhwa ta zauna a ɗaya gefen dakalin. Ta ciro gilashin ta ajiye a tsakaninsu, kusa da kwanon wake, ta tura shi da yatsa ɗaya kamar mai tura abin da ke ƙona hannu.

"Surukina zai koma aiki. Wai sai an ba wani. Na duba duk garin ban ga mai hankali ba, sai na ce bari in ba mai dogon numfashi."

"Kin san abin da kike ba ni kuwa?"

"Na sani. In kika taɓa ko guda ɗaya a wurin ina raye, sai na cire miki sauran haƙoran."

"In na sauko na tarar kin sheƙa fa? In fara ɗebo su ko in fara ɗebo ki?"

"Ki fara da ni. Su ba inda za su."

Dokrye ta yi 'yar dariya, audugar ta motsa. Ta ɗauki gilashin ta juya shi gaba da baya, ta goge shi da gefen riga, ta sa a cinyarta. Ta ci gaba da tsinke wake har Okhwa ta fara tunanin tashi.

"Ki ce wa mai raɗar nan ya kawo mini nawa kafin ya tafi," in ji Dokrye.

"Ke da saura shekara."

"Na san shekaruna, ba sai kin ƙirga mini ba. Mabuɗin kuma a gorarki za a sa."

"Ni me zan gani a wurinki? Ƙananan katantanwa?"

Dokrye ta ajiye waken, ta dubi hannayenta.

"Nutson farko da na yi yau na ga yashi fari fes, ko dutsen da jonbok zai kama babu. Nan take na gane abin da kike yi, don ni ma haka nake yi da tawa gorar tun rasuwar mijina, Baban Cholsu. Na san ba kya wurin, Yaya." Wannan karon ba ta ja kalmar ba. "Na sani sarai. Amma ban san wani wurin da zan neme ki ba, shi ya sa na yi ta komawa."